Majalisar Masu Keke a Zamanin Birkin Ƙarfe

Kafin babur ya cika garuruwanmu, akwai maganganu uku da magidanta kan ɗauko tun bayan la'asar, har ladan ya kira magariba ba su kai ƙarshensu ba: tsayin sirdi, cin birki, da man da ya dace da kaca. Wurin wannan zance sananne ne a kowane gari, daga Kano zuwa Gusau, daga Zariya zuwa Maraɗi, wato wurin mai gyaran keke. Galibi ko rumfa babu. Inuwar darbejiya ce ko ta durumi a bakin kasuwa, da benci guda, da akwatin katako cike da sifanu da notina, da kwanon ruwa na neman huda, da tsofaffin tayoyi rataye a reshe don mai wucewa ya san sana'ar da ake yi. A nan malamin makaranta da ɗan koli da masinjan En'e da manomi suke zama a benci ɗaya, kowa na jiran a gama masa aiki, kowa kuma yana da ta cewa a kan keken ɗan'uwansa.

Ina kewar wannan majalisa ƙwarai. Abin da na fi kewa a cikinta shi ne ilimin da ya kasance a hannun kowa, lokacin da mai abu ya san abinsa ciki da waje, ya san ciwonsa, ya kuma san maganinsa.

Hanyar da ta fitar da gyaɗa ita ce ta shigo da keke. Bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa suka yawaita, kuɗin gyaɗa da na auduga suka fara shiga aljihun manomi. Saurayin da damina ta yi wa kyau, idan ya kai amfaninsa sikeli ya karɓi kuɗi, buri biyu ne a ransa, aure da keke, kuma sau da yawa keken ne ke fara zuwa don da shi za a je zance. Sarkin kekuna a lokacin shi ne Raleigh, wanda ake ƙerawa a birnin Nottingham na Ingila tun shekarun 1880, mai tambarin kan zalɓe a goshinsa. Dattawa ba su manta da tallarsa ba, ta mutumin da zaki ya biyo amma ya tsere masa a kan keke yana dariya. Akwai Hercules daga Birmingham. Daga baya Phoenix ya iso daga Shanghai ta ƙasar Sin, Hero da Avon suka iso daga Ludhiana ta Indiya, da farashi mai sauƙi. Kasuwar ta yi ƙarfin da har aka riƙa haɗa kekuna a Zariya, aka kuma yi masana'antar Raleigh a Kano. Hukuma ma ta san darajar abin, don a zamanin En'e sai da lasin ake hawa keke, ɗan guntun ƙarfe mai lamba da ake ɗaurawa a jikinsa, ana sabuntawa duk shekara, kuma ɗan doka yana iya tare mutum ya duba.

Sunaye daban-daban ne, amma ƙira ɗaya ce: baƙin firam na ƙarfe, taya mai inci 28, birkin ƙarfe, madigadi gaba da baya, kariya, ƙararrawa, da nauyin da ya kusa kilo 20. Wannan kamanni shi ne tushen majalisar. Tun da keken kowa ɗan'uwan na kowa ne, abin da mutum ya koya a nasa zai yi wa maƙwabcinsa amfani, kuma kowa na iya sa baki da hujja.

Maganar farko ita ce ta zama a kan keke. Firam iri biyu aka fi kawowa, mai inci 22 da mai inci 24, kuma wanda ya san abin da yake yi ba ya sayen keke sai ya gwada tsayinsa da shi. Idan sabon keke ya fito daga kanti, kafin a kai shi gida wurin mai gyara ake biyawa da shi. Zai dubi mai keken daga sama har ƙasa, ya ce, "Malam, bismilla, hau in gani." Yaronsa ya riƙe kan keken, malam ya zauna. "To, ɗora dunduniyarka a kan feda, ka kai ta ƙasa." Idan ƙafa ta miƙe sosai da dunduniya a kan feda, sirdi ya zauna daidai, domin in aka koma tuƙi da gaban tafin ƙafa gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, yadda ake so. Idan sirdi ya yi ƙasa, gwiwa ce za ta biya, musamman ga mai doguwar tafiya. Idan ya yi sama da yawa, za a ga kwankwason mutum yana rangaji dama da hagu, kafin ya kai inda za shi baya ya riƙe.

A nan gardama ke tashi. 'Yan koli da masu kai buhun hatsi kasuwannin ƙauye sun fi son sirdi ya sauko, don in kaya suka rinjayi keke su kai ƙafa ƙasa da wuri. Malaman gona da masu duba makarantu, waɗanda ke cin mil da yawa babu kaya sai jaka, su kuma su ce wannan kashe gwiwa ne. Kowane ɓangare yana da gaskiya gwargwadon aikinsa, kuma gwanin mai gyara shi ne wanda kan fara tambaya, "Me za ka riƙa ɗauka, ina kuma za ka riƙa zuwa?" kafin ya taɓa sifana. Haka ma karkatar sirdi. In hancinsa ya ɗaga yana cutar da mutum, in ya sunkuya mutum ya yi ta zamewa gaba, nauyinsa ya koma kan hannuwa har su yi sanyi. Sirdin fata mai sifirin a ƙasa kuwa a hankali yake ɗaukar siffar mai shi, shi ya sa wasu dattawa za su ba ka aron kuɗi amma ba za su ba ka aron keke ba. Akwai noti a ƙarƙashin hancinsa da ake ɗan ɗaurewa idan fatar ta saki, kuma ba a barin ruwan sama ya dake shi. Zaman da wannan keke ke ba mutum zama ne na mutunci, baya a miƙe, kai a sama. Magidanci zai naɗe hannayen babbar rigarsa a kafaɗa, hularsa zaune daram, yana tafe yana amsa gaisuwa.

Mu yara kuwa babu wanda ya auna mana komai. Keken manya muka samu, ko na gida idan maigida ya shiga barcin rana, ko na haya da ake biya da 'yan kwabbai. Tun da ƙafa ba ta kai daga sirdi, sai a zura ta ta ƙarƙashin sandar firam a taka fedar ɗaya gefen, jiki a rataye gefe guda, keke a karkace ɗaya gefen. In yaro ya ƙara tsawo ya koma kan sanda, yana lilo daga feda zuwa feda. Ranar da ya zauna a sirdi ƙafarsa ta kai, ranar ya san ya girma. Wasu iyaye kan ɗaura guntun katako a kan feda don su matso wa yaro da wannan rana.

Magana ta biyu, wadda ta fi kowace zafi, ita ce ta birki. Birkin wancan zamani ba shi da waya. Hannayensa biyu suna kwance a ƙarƙashin kan keke. In ka matsa, sai su ja siririyar sandar ƙarfe, ita kuma ta ɗago wani lanƙwasasshen ƙarfe da ya rungumi taya, robobi biyu su danni rim ta cikinsa, gefe da gefen sifok. Sandar birkin baya tana bin jikin firam ne, ta ratsa wasu 'yan mahaɗai, ta gangara har ƙarƙashin feda. Komai a fili yake. Yaro ɗan shekara goma zai iya tsugunawa ya bi da ido daga yatsa har roba, ya gane inda ƙarfin ke bi da inda yake ɓacewa. In birki ya yi nisa, noti ɗaya ake kwancewa a rage tsawon sanda a ɗaure. Ko a jeji ya lanƙwashe, da dutse da haƙuri za a miƙe shi a ƙarasa gida.

Sai dai yana da sharuɗɗa, kuma majalisa ta haddace su. Na farko, dole wili ya zama a zagaye sosai. Tun da roba daga ciki take dannar rim, in rim ya sami ɗan tudu ko kwari saboda faɗawa rami, birki zai riƙa kamawa yana saki, keke yana fizga. Na biyu, gidan da robar ke zama a ciki rufe yake ta baki ɗaya, buɗe ta ɗayan, kuma rufaffen bakin ne ke duban inda rim ke nufa in wili na juyawa. Wanda ya juya shi, ranar da ya matsa birki da ƙarfi rim zai fizge robar ya yar. Na uku, ruwa. Rim na ƙarfe mai ƙyalli in ya jiƙe, roba sulɓi take yi a kansa, sai wili ya zagaya sau da yawa kafin ta share ruwan ta fara ci. Don haka duk wanda ya san damina, tun daga nesa yake fara latsa birki kaɗan-kaɗan kafin gangara ko mararraba. Na huɗu, in an ɗaga kan keke ko an sauke shi, dole a sake daidaita sandunan birki, domin a haɗe suke.

Gardamar da ba ta taɓa mutuwa ba ita ce ta gaba da baya. A kekunan da suka bi tsarin Ingila, hannun dama shi ne birkin gaba, kuma ko da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilu na 1972, birkin keke bai sauya ba. Akasarin mutane tsoron birkin gaba suke yi, suna cewa shi ke wuntsila mutum ta kan keke. Masu gyara da tsofaffin mahaya kuma su ce ai shi ne birkin gaskiya. Hujjarsu ita ce, in an kama birki nauyi gaba yake tafiya, tayar gaba ta ƙara danne ƙasa, ta baya kuma ta yi sakayau ta fara jan ƙasa ba tare da ta tsayar da keke ba. Abin da aka fi tsayawa a kai shi ne a kama su tare, a hankali, mutum ya ja jikinsa baya. A cikin yashi kuwa, ko a kwana, a sassauta wa na gaba, don in tayar gaba ta zame babu mai ceto. 'Yan kekunan da ke da birkin ƙafa, wanda ake taka feda baya ya kama, su ma suna da masoyansu, domin ruwa ba ya shiga cikinsa, amma in kaca ta faɗi birki ya tafi tare da ita.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda birkin mutum ya zama damuwar jama'a. Saurayi zai iso yana goga silifa a taya don ya tsaya, wani dattijo da bai san shi ba ya kira shi. "Samari, zo nan. Ɗan gidan wa ne kai? Birkinka na baya ba ya ci." Saurayi ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ai na gaba yana nan." Dattijo ya ce, "Kana goya ƙannenka a wannan keken, ko ba ka yi? To, ba za ka bar nan ba sai an sa roba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba." In yaron ba shi da kuɗi, mai gyara ya yanko roba daga tsohuwar tayar mota ya fere ta ya sa masa, ya ce ya kawo in ya samu.

Magana ta uku ita ce kula. Abokin gabar mai keke a ƙasarmu shi ne tsidau, da ƙayar aduwa, da ƙura. Faci shi ne karatun farko. A zare tif, a ba shi iska, a bi da shi cikin kwanon ruwa har a ga inda kumfa ke tashi, a tsane wurin, a kankare shi ya yi kaushi, a yanko faci daga mataccen tif, a shafa sulushan a ɓangarorin biyu. Sirrin yana wurin jira. Mai gaggawa yakan manna tun yana danye, facin ya tashi kafin ya kai gida. Gwani yakan bari ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan ya manna ya danne. Kafin a mayar da tif kuma sai an shafa cikin taya da yatsa an zaro ƙayar, in ba haka ba aikin banza aka yi. Wani lokaci ma babu huda ko ɗaya, 'yar robar da ke cikin bawul ce ta tsufa, a sauya ta da kwabo a huta.

Batun mai ya raba majalisa gida-gida. Wasu baƙin man mota suke ɗiga wa kaca saboda kyauta ake samunsa. Wasu su ce sai man keken ɗinki, mai tsabta. Wanda ya kuskura ya sa man gyaɗa, kowa zai faɗa masa cewa danƙo zai yi ya daskare. Amma duk sun yarda da abu ɗaya: mai da yawa a lokacin hunturu cuta ne, domin ƙura na manne masa su haɗu su riƙa cin kaca da haƙoran faranti. A wanke da kananzir, a ɗiga kaɗan, a goge saura da tsumma. Shi ya sa keke mai cikakken gidan kaca ya fi daraja, yana kare kaca daga ƙura, yana kuma kare bakin wando daga kaca.

Bayan damina ake kai keke garambawul. A nan ake gane gwani. Zai kwance wili da gidan feda da wuyan keke, ya zazzage boris a cikin murfin gwangwani yana ƙirgawa, ya wanke, ya fitar da waɗanda suka tsattsage, ya cika da sabon giris, ya ɗaure yadda wili zai juya sumul babu girgiza kuma babu matsi. Ya san fedar hagu hannun hagu take ɗauruwa, abin da ya sa sabon yaro kan ɓata zare. Ya san zaren Raleigh daban yake da na sauran kekuna, don haka ba a tilasta masa kayan wani. Ya san yadda ake goge ƙusar da ke riƙe hannun feda da magagari har ta zauna, don kada feda ta riƙa ƙwanƙwasa. Ya san wilin Ingila na asali sifok 32 ne a gaba, 40 a baya inda nauyi yake. Ɗaurin wili kuwa shi ne ƙarshen karatu. Zai kifa keke, ya juya wili, ya kafa babban yatsa kusa da rim, yana ɗaure wannan sifok yana sassauta wancan, yana kaɗa su yana sauraron amonsu, har rim ya daina kaiwa da komowa. Yaron shago yakan shekara yana famfo da faci kafin maigidansa ya yarda ya taɓa sifok.

A gida ma keke yana samun kula irin ta doki. Yana da wurinsa a zaure, ba a barinsa a rana, ana goge shi da safe kafin a fita, ranar Juma'a a wanke shi tas. Ana yi masa kwalliya da madubai biyu, da rigar sirdi mai tuntaye, da zoben gashi mai launi da ke share cibiyar wili yana tafiya. Dainamo na gogar taya yana kunna fitila, haske na ƙaruwa gwargwadon ƙarfin ƙafa. Keken da aka riƙe haka yakan yi wa uba aiki, ya shiga rabon gado, ya kai jika makaranta.

Abubuwa da dama ne suka watsa wannan majalisa. Ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970 ya ɗauke ma'aikata daga keke ya ɗora su a kan Honda da Yamaha da Vespa. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin gwamnati na SAP na 1986 ya tsadantar da kayan gyara, ya durƙusar da masana'antu, ya kuma haifar da acaɓa a birane. Da baburan Sin masu araha irin su Jincheng suka malalo a farkon shekarun 2000, har manomin ƙauye ya jingine kekensa. A can Ingila ma Raleigh ta daina ƙera keke a Nottingham a 2002. Masu gyara da yawa suka koma gyaran babur ko facin tayar mota. Abin da ya fi ciwo shi ne yadda keke ya tashi daga abin alfahari ya koma alamar rashi a idon mutane, har matashi ya gwammace ya ci bashin kuɗin acaɓa da a gan shi yana tuƙa feda.

A yau akwai wasu sababbin masoya keke. Da sassafe ranakun hutu ana ganinsu a titunan Abuja da Kaduna da Kano, da hular kwano da matsattsun kaya, a kan kekunan tsere masu siririyar taya da lanƙwasasshen kai. Keken da ake shiga babbar gasa da shi, ƙa'idar hukumar tseren keke ta duniya ita ce kada ya gaza kilo 6.8, wato kusan sulusin na iyayenmu. In ka saurari hirarsu bayan sun tsaya shan ruwa, maganganun nan uku ne dai: sirdi, birki, kaca. Suna auna tsayin sirdi da milimita, amma har yanzu dunduniya a kan feda ita ce gwajin farko da ake koya wa sabon shiga. Suna gardama tsakanin birkin da ke kama rim da birkin faifai, wanda hukumar ta amince da shi a tseren titi a 2018. Birkin faifai yana ci ko ana ruwa, kuma da dattawan majalisa sun gan shi da sun yi murna, don ya magance abin da suka fi tsoro. Sai dai an ɓoye wayoyi a cikin firam, birki ya koma aiki da mai a cikin siririn bututu, wasu giyoyin ma da batir suke sauyawa. Mai keke yana iya hawan abin miliyoyi bai san abin da ke faruwa tsakanin yatsansa da taya ba, in ya lalace kuma sai an jira kaya daga waje.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, na ga mutane suna zaro tsofaffin kekuna daga ɗakin ajiya suna kakkaɓe musu ƙura. Ƙarfen yana nan da ransa. Hannayen da suka san shi ne suka yi ƙaranci, waɗanda suka rage kuma furfura ta cika musu kai. Don haka roƙona ga duk wanda zai saya wa ɗansa keke shi ne ya haɗa masa da famfo da sifana da gwangwanin sulushan, ya kuma kama hannunsa ya kai shi wurin tsohon mai gyaran unguwa, ya zauna ya ga yadda ake faci da yadda ake ɗaure birki. A biya waɗannan dattawa haƙƙinsu da kyau, a tambaye su, a saurare su tun suna raye. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu, da suka tsare rayukan mutane da noti da roba ba tare da kowa ya rubuta sunansu ba, Allah ya jiƙansu da rahama, ya sa aikinsu ya zame musu sadaka mai gudana.